Filin Jirgin Agadas: Titin da Baƙi Suka Fi 'Yan Gari Mora

A kudancin birnin Agadas, daidai inda gidajen ƙasa suka ƙare, akwai shimfiɗaɗɗen titin kwalta mai tsawon mita 3,000 wanda ba mota aka yi wa shi ba. Shi ne titin filin jirgin sama na Mano Dayak. Filin manne yake da gari. Fasinjan da ya samu kujerar taga, kafin tayar jirgi ta taɓa ƙasa zai hango hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsayin mita 27, da itatuwan da suka tsittsiro a jikinta, da rufin soraye ja wur iya ganinsa. Idan jirgi ya tsaya sai a turo matakala, mutum ya sauko ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin fasinjoji, iska mai zafi tana dukan fuskarsa. Kayan filin ba su da yawa: ɗakin fasinjoji, hasumiyar masu ba jirgi hanya, motocin kwana-kwana, ma'aikatan duba yanayi, sai farfajiyar da jirage ke fakawa. A tikiti ana rubuta masa AJY, matuƙa kuma sun san shi da DRZA.

Titin ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, abin da lambobin 07 da 25 da aka rubuta a bakinsa biyu suke nufi ke nan. Ba haka kawai aka zaɓi wannan fuskar ba. Jirgi ya fi son ya tashi ya sauka yana fuskantar iska, iskar da ta fi daɗewa tana kaɗawa a Agadas kuwa ita ce ta hunturu, mai fitowa daga arewa maso gabas. Tsawon ma da dalilinsa. Garin yana bisa tudu, wajen mita 500 sama da teku, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin riƙo da wuri, inji ma ƙarfinsa yana raguwa, dole jirgi mai nauyi ya yi doguwar gudu kafin ya ɗaga. Titin da zai ishi jirgi a bakin teku ba lalle ya ishe shi a nan da tsakar rana ba.

Duk wanda ya bi tarihin wannan fili zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Duk lokacin da ya cika ya batse, buƙatar wani baƙo ce ta cika shi. Da baƙon ya juya baya sai fili ya koma shiru, mutumin Agadas ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar mota kamar yadda ya saba.

Agadas ba jirgi ne ya buɗe ta ga duniya ba. Tun ƙarni na 15 da sarautar Abzin ta zauna a cikinta take zangon fatake. Ayarin da ya fito daga Ghat ko Ghadames a nan yake sauke kaya kafin ya gangara Damagaram da Katsina da Kano, ayarin gishiri kuma daga nan yake kutsawa cikin Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya dawo da kantu da dabino. Wannan cuɗanya ce ta sa har yau Hausa ce harshen kasuwa da na titi a garin, duk da cewa ƙasar Abzinawa ce. Da Faransawa suka mamaye wurin a farkon ƙarni na 20, nisa ne ya fi ba su wahala. A watan Disamba na 1916 jagoran Abzinawa Kawsan da mayaƙansa, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya. Sai a watan Maris na 1917 gudunmawa ta iso daga Damagaram, bayan wata kusan uku. Mai mulkin da ya ɗanɗani irin wannan jira ba sai an yi masa wa'azin amfanin jirgin sama ba.

Amma sahara ba ta karɓi jirgi da sauƙi ba. A 1920 Janar Laperrine na Faransa ya taso daga Tamanrasset cikin ɗaya daga jiragen da suka fara gwada ƙetare ta, suka ɓace, mai ya ƙare, jirgin ya kife a cikin rairayi, shi kuma ya mutu da raunukansa bayan kwanaki. Da aka zo kafa layin fasinja na sosai a shekarun 1930, ta Gao da Yamai da Damagaram aka bi da shi zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Rabon Agadas a lokacin motocin safa ne na layin Hoggar, masu tasowa daga birnin Aljiyas su bi ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su tsaya a Kano. Abin da take gani daga sama bai wuce jiragen soja da na wasiƙa da na jami'an mulki ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar ta ci gaba da zama cikin hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 don kula da sararin samaniyar ƙasashen Afirka da Faransa ta raina, ta kuma shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961. Zirga-zirgar cikin gida sai aka bar wa Air Niger, wanda aka kafa a 1966, ya fara da jiragen DC-3 yana zagaya Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas. Sai ga yuraniyam. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan. Injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati suka yawaita a arewa, sai dai Arlit, mai nisan kilomita wajen 240 daga Agadas, ta samu nata filin, don haka ba duk albarkar ce ta sauka a nan ba. Kuɗin yuraniyam ɗin ne kuma suka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970. A tsakanin nan aka yi babban fari na 1973 da 1974, dabbobin makiyaya suka ƙare, mutane suka taru a bakin garuruwa suna jiran taimako, jiragen sojan ƙasashen waje suka riƙa sauke hatsin agaji a arewacin Nijar. A wannan karon kam talakan Abzin ya ga amfanin jirgi da idonsa.

Zamanin da Agadasawa suka fi tunawa da shi shi ne na masu yawon buɗe ido. Wani Bafaranshe ɗan tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓace a Tenere a 1977. Da aka ceto shi, maimakon ya yi sallama da sahara sai ya ƙirƙiro gasar tseren Paris zuwa Dakar, wadda ta fara tashi a ƙarshen Disamba na 1978, kuma tun wannan karon farko ta bi ta Agadas. Gasar ba motoci da babura kaɗai ba ce. Rundunar jirage ce ke bin ta da kanikawa da likitoci da 'yan jarida da kayan gyara, saboda haka sau da yawa a filin jirgi ake kafa zango. Dare ɗaya sai farfajiyar da ta saba ganin jirgi ɗaya ko biyu ta cika da jirage da tantuna, janareta na ruri, ana kwance inji ana ɗaurawa har asuba. Talabijin ɗin Turai ya kai hoton duwatsun Abzin da tuddan rairayin Tenere cikin ɗakunan mutane, baƙi suka fara tururuwa.

Cikin 'yan ƙasa da suka fi gane wannan dama akwai Mano Dayak, Ba'abzine haifaffen kwarin Tidene, wanda ya yi karatu ya zauna a Faransa, ya dawo ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet Voyages. Ya yi aiki da masu shirya tseren, ya kuma taimaka wa Bernardo Bertolucci wajen ɗaukar sashen fim ɗinsa da ya fito a 1990. Sai dai a ƙarƙashin wannan annashuwa wuta na ci. Samarin da fari ya kora Aljeriya da Libiya sun dawo ba aiki ba dabba, suna ganin arzikin yuraniyam yana wuce su. Kashe-kashen da aka yi a Cintabaraden a watan Mayu na 1990 suka zama mafarin tawaye. Baƙi suka ɗauke ƙafa, Air Niger ma ya durƙushe a farkon shekarun 1990, mai kamfanin yawon buɗe ido ya koma jagoran 'yan tawaye.

An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da Nijar ta mayar ranar hutu, amma ɓangaren Mano Dayak bai gamsu da yadda ake tafiyar da ita ba. Ranar 15 ga Disamba na wannan shekara ya shiga wani ƙaramin jirgi a cikin duwatsun Abzin zai tafi Yamai tattaunawa da gwamnati. Jirgin ya faɗi jim kaɗan da tashi, ba wanda ya tsira. Daga baya aka sa wa filin Agadas sunansa. Ni dai ina ganin wannan na daga cikin hukunci mafi hikima da hukumomin Nijar suka taɓa yankewa game da arewa. Gwamnati ta ɗauki sunan mutumin da ya ɗaga mata makami ta liƙa a ƙofar shiga yankinsa, kowane jami'i da zai sauka sai ya karanta. Sulhun da ya kai nan ba na fatar baki ba ne.

Da ƙura ta lafa, filin ya ga kwanakinsa mafi daɗi. Gasar tseren 1997 sunanta ma Dakar zuwa Agadas zuwa Dakar, garin ne wurin juyawa. Kamfanin Point-Afrique na Maurice Freund ya fara kawo jiragen shata kai tsaye daga Faransa zuwa garuruwan bakin sahara irin su Gao da Atar da Agadas, a kan farashin da malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti a can za su iya biya. Wannan kai tsayen shi ne sirrin abin. Baƙon da a da sai ya sauka Yamai ya kashe kwana biyu a hanya zuwa da dawowa, yanzu da safe yana Faransa, da yamma yana shan shayi a gindin dutse a Abzin. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara makaman tawaye aka cinna musu wuta a Agadas, kowa ya ce an gama.

A wancan zamani, ranar saukar jirgi a lokacin sanyi ranar kasuwa ce. Tun kafin a ji ƙararsa motocin Land Cruiser sun yi layi a ƙofar fili, an ɗaure jarkokin ruwa da na mai da itacen girki da katifu a bisa rufi. 'Yan jagora sun sha rawani, kowa riƙe da allo mai sunan kamfaninsa. Bayan kowane ɗan jagora akwai direba da kuku da yaron mota, a can daji kuma mai raƙuma yana jira. A cikin gari maƙera sun kwana suna goge azurfa, musamman abin wuyan nan da aka san Agadas da shi, dukawa sun jera jakunkuna da takalma, mahauta da masu burodi da masu lambun Timia da Tabelot duk sun san jirgi ya sauka ko ba su je fili ba. Jirgi ɗaya a mako yana ciyar da gidajen da ba wanda ya ƙidaya. Ga abin lura a nan: kujerun jirgin na baƙi ne zuwa da komawa, amma kuɗin a hannun 'yan gari suke sauka, ba a ofishin wani a Yamai ba. Cikin duk baƙin da suka taɓa cika wannan fili, waɗannan ne suka fi barin alheri a ƙasa.

Alamar cewa abin ba zai ɗore ba ta bayyana tun a watan Janairu na 2000, lokacin da masu shirya tseren suka samu labarin barazanar hari, suka kwashi motocin gasar kaf a cikin manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, aka tsallake Agadas ta sama. A watan Fabrairu na 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya tashi. A watan Yuni suka kai farmaki filin jirgin Agadas kansa. Ɓarnar ba ta yi yawa ba, amma saƙon ya isa inda aka aika shi. Shugaba Mamadou Tandja ya kafa dokar ta-ɓaci a yankin a watan Agusta, nakiyoyi suka fara tashi da motoci a kan hanyoyi, jiragen shata suka daina zuwa. An soke tseren 2008, daga 2009 ya ƙaura Kudancin Amurka. Ko da aka yi sulhu a 2009, sai ga sace ma'aikata bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010, sai harin ƙunar baƙin wake a barikin sojan Agadas ranar 23 ga Mayu 2013. Wata guda bayan wannan hari hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Karramawar ta zo a lokacin da ƙasashen Turai suka riga suka gargaɗi mutanensu kada su taka yankin.

Direban da ya san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku ba zai zauna ya ga iyalinsa da yunwa ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar Libiya ta buɗe, motocin da suka ɗauki Turawa suka koma ɗaukar 'yan ci-rani daga Najeriya da Gambiya da Senegal da Gini. Kowace Litinin da yamma ayarin Hilux yake tashi, mutum ashirin da wani abu a bayan kowace, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi don kada barci ya kayar da shi. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta ƙara wa hanyar cunkoso. Duk wannan hada-hada ta ƙasa aka yi ta, filin jirgi yana kallo. Sai da Turai ta matsa, Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sannan filin ya samu sabon aiki mai ban tausayi: mayar da mutane gida. Aljeriya takan zubar da waɗanda ta kora a bakin iyaka, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka, daga nan a kawo su sansanin hukumar kula da ƙaura ta IOM a Agadas, a sa su a jirgi zuwa ƙasashensu. Wasu daga cikin jiragen nan a Kano suke sauka, cike da 'yan Najeriya, har da mata da ƙananan yara. Mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba sai ranar da aka maido shi hannu rabbana, wannan ba tafiyar da za a yi masa barka da ita ba ce. An soke dokar hana safarar a watan Nuwamba na 2023.

Baƙo na ƙarshe shi ya fi kowa kashe kuɗi. A 2016 sojan saman Amurka suka fara gina sansanin da ake kira 201 a gefen filin farar hula, da nasa titin daban wanda manyan jiragen dakon kaya na C-17 za su iya sauka a kai. Aikin ya ci dala miliyan 110 ko kusa da haka, jirage marasa matuƙa samfurin MQ-9 suka fara tashi daga can a 2019, suna leƙen Libiya da Mali da yankin tafkin Chadi. An ɗauki wasu 'yan gari aikin leburanci da shara da girki, an yi 'yan ayyukan taimako a makarantu. Amma sansani ne mai shinge, titinsa bai taɓa ɗaukar ɗan kasuwa ko mara lafiya daga cikin gari a matsayin fasinja ba, 'yan fashi kuma ba su fasa tare hanyoyin yankin ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sabbin mahukunta suka soke yarjejeniyar soja da Amurka a watan Maris na 2024, ranar 5 ga Agusta na wannan shekara sojan Amurka na ƙarshe suka bar sansanin. Shekara biyar kacal ya yi yana aiki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To me ya rage wa ɗan gari? Kamfanin Niger Airlines ya fara zirga-zirgar cikin gida a 2014 da jiragen Fokker 50 masu kujeru hamsin, waɗanda ya yi haya daga kamfanin jiragen Falasɗinu, ya haɗa Yamai da Agadas da Damagaram da wasu garuruwa. Akwai kuma jiragen UNHAS na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai dai su na ma'aikatan agaji ne, ba a sayar wa kowa tikitinsu. Tafiyar Yamai a jirgi kamar awa biyu ce. A mota kilomita wajen 950 ne, kuma hanyar yuraniyam ɗin nan da aka yi alfahari da ita ta farfashe har direbobi kan sauka daga kwalta su bi gefe, a wuni a kai dare ana tafiya. Duk da haka motar ce ke cika, domin kuɗin tikitin jirgi ya fi ƙarfin malami da ɗalibi da mai ƙaramin jari. Mai jinyar da likita ya tura babban asibiti a Yamai, a wannan hanya ake jijjiga shi.

Kada a ce ƙaramin fili irin wannan asara ne don ba ya kawo riba. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, kuma manyan jiragen da ke ratsa sahara tsakanin Turai da gaɓar tekun Gini suna buƙatar dogon titi a tsakiya da za su nufa in wani abu ya faru. Titin yana nan, hasumiya tana nan, ma'aikatan da suka iya aikin suna nan, yanzu ma ga titi na biyu an gada. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a tsara zirga-zirgar bisa buƙatar masu garin. Ƙasashe da dama masu yankuna na nesa sukan tallafa wa layin da ba ya biyan kansa, su ɗauke shi kamar hanya ko asibiti, kuma ƙasar da ta shekara hamsin tana sayar da yuraniyam ɗin Abzin ba ta da hujjar cewa ba za ta iya ba. Tsakanin Agadas da Kano ta sama bai kai kilomita 600 ba, garuruwa biyu da ayari ya haɗa shekaru ɗaruruwa, amma babu jirgin fasinja mai tsayayyen lokaci a tsakaninsu. Hukumomin Yamai da 'yan kasuwar Agadas da na Damagaram da na Kano su zauna su samar da jirgi mai rana tsayayya da farashin da mai matsakaicin hali zai iya biya, kada a sake jiran wani baƙo ya zo ya raya filin.